Makaniken Giyar Mota: Gwanin da Kunnensa Ke Riga Sifana Fara Aiki

A duk garejin da ya amsa sunansa, ko a kewayen kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, aiki a rabe yake. Akwai mai inji, akwai mai wayarin, akwai mai gyaran ƙafa, ga mai walda da mai fenti can gefe, kowa da rumfarsa da yaransa. Amma ranar da aka jawo tsohuwar mota aka ce ta ƙi shiga giya, ko tana wani kuka daga ƙasa da aka kasa gane asalinsa, sai ka ga manyan garejin sun dubi juna, ɗayansu ya ce wa yaro, "Je ka kira mana Baba." Waɗanda ake yi wa irin wannan kira ba su da yawa. A yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inji ba ya rufa wa kansa asiri: zai yi hayaƙi, zai yi zafi, ka kwance fulogi ka ga halin da yake ciki. Giya kuwa akwati ce a rufe ruf, maƙale a ƙarƙashin mota, sauke ta kaɗai kan cinye wuni guda. In aka sauke aka tarar ba ita ke da laifi ba, an yi asarar wuni da kuɗi, kuma mutuncin mai gyara ya taɓu. Shi ya sa gwanin giya ya koyi abin da ya fi kwance noti wuya nesa ba kusa ba, wato sanin abin da ke cikin akwatin tun bai buɗe ba. A ganina, a duk sana'ar kanikanci babu gwanintar da ta kai wannan zurfi, kuma babu wadda masu mota suka fi raina kuɗinta.

Sai an san hanyar da ƙarfi ke bi kafin a gane aikinsa. Inji na juyawa da gudun da taya ba za ta iya karɓa kai tsaye ba. Ko mota na tsaye, yana zagayawa wajen sau 800 a minti, a kan babbar hanya kuma yakan kai 3,000. Ita kuwa taya, ko ana gudun kilomita 100 a awa, zagayenta bai cika 900 ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai jerin ƙarafa masu rage gudu su mai da shi ƙarfi. Akwai kuloci, mai haɗa inji da giya ya kuma raba su. Akwai giyar kanta. Daga nan sai farfela da aksul a motar da ke turawa da ƙafar baya, irin Peugeot 504 da Hiace da Hilux, ko shaf biyu a motar da ke ja da ƙafar gaba, irin Golf da Camry da Accord. Duk a ɗaure suke, ƙarfe a jikin ƙarfe, don haka ƙara ba ta zama inda aka haife ta. Direba zai rantse da Allah kukan daga baya yake zuwa, alhali tushensa na ƙarƙashin ƙafarsa.

Saboda haka gwani ba ya karɓar hukuncin mai mota. Za a yi gaisuwa, mai mota ya ce, "Baba, giyar ce ta mutu." Shi kuwa zai goge hannu da tsumma ya ce, "To, Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Da safe take yi ko sai ta ɗau zafi? Da lodi ko babu lodi? In ka taka totur take kukan, ko in ka ɗaga ƙafa? A kwana fa?" Sai ya ƙare da tambayar da ta fi nauyi: "Wa ya taɓa ta kafin ni, me kuma ya zuba mata?" Kowace amsa tana cire wasu sassa daga zargi. Kafin ya shiga motar, rabin aikin ya riga ya ƙare. Sannan ya zauna a kujerar direba, ya kashe rediyo, ya ce kowa ya yi shiru.

A motar giyar hannu, kuloci yake fara tuhuma, domin shi ne aka ƙera don ya cinye. Faifai ne mai fata iri ɗaya da ta birki, ana matse shi tsakanin ƙarafa biyu, kuma duk tashi da tsayawa sai ya ɗan goge. Idan ya cinye, alamarsa sananniya ce: ka taka totur a hawa, inji ya yi ta ihu, mota kuwa ba ta ƙara sauri ba, ga wani ƙauri mai hawa kai. Gwani ba ya buƙatar tudu kafin ya tabbatar. Zai ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya ɗan ba da wuta, ya saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan take, faifan na kamawa. In ya ci gaba da aiki ƙafa a sake, faifan ya gama yayinsa. Gwajin bai kai minti ɗaya ba.

Amma nan ne ake bambance mai canza kaya da mai gyara. Mai canza kaya zai sa sabon faifai ya sallame ka. Gwani kuwa zai juya tsohon a hannu yana nazari. In ya gan shi a bushe ya cinye daidai, shekaru ne, ko kuma ƙafar direba, domin akwai masu ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga Kano har Zariya, da masu riƙe mota a hawa da rabin kuloci maimakon birki. In kuwa ya ga faifan da danshin mai, ya san akwai sil da ke yoyo, ko na bayan inji ko na gaban giya, kuma in ba a canza shi ba sabon faifan ma ba zai kai labari ba. Zai shinshina man ma, saboda man giya mai kauri yana da wani wari na daban da baƙin mai ba shi da shi. A yawancin Golf 3 masu injin 1.8, waɗanda har gobe ke jigilar fasinja a tashoshinmu, wata siririyar sanda ce ke bi ta cikin shaf ɗin giya ta tura kuloci, kuma ɗan ƙaramin sil ɗin wannan sandar in ya gaji sai ya riƙa ɗiga mai a kan faifan. Wanda ya san motar ba ya rufe aikin sai ya canza shi, ko da mai mota na ƙorafin ƙarin kuɗi.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala, inda kuloci ba ya saki gaba ɗaya. Giya ta yi tauri, ribas ya riƙa gurza haƙori kafin ya shiga. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su fara tambayar farashin giya a kasuwa. Gwani zai kashe inji ya gwada. In giyoyin duka sun shiga sumul inji a kashe, suka kuma ƙi da aka tayar, to akwatin lafiyarsa lau. Kuloci ne bai raba shi da inji ba. Sau da yawa abin bai wuce wayar kuloci da ta saki ba, ko 'yar robar famfon sama ko na ƙasa da ta daina riƙe mai. Shi ribas yakan riga sauran tona asiri ne saboda a mafi yawan tsofaffin motoci ba a sa masa zoben da ke daidaita gudu ba.

Wannan zobe ya cancanci a tsaya a kansa. Na tagulla ne, bai fi a zura shi a hannu ba, kuma aikinsa shi ne ya goga jikin giyar da za a shiga ya daidaita gudunta da na shaf kafin haƙora su haɗu, duk cikin ƙiftawar ido. Motar Cadillac ce ta fara fitowa da shi a 1928. Kafin nan sai direba ya taka kuloci sau biyu yana daidaita gudun da totur, dabarar da tsofaffin direbobin manyan motoci ba su manta ba. Idan zoben ya goge, sai ka ji ƙarar gurza lokacin shiga giya ɗaya tak, yawanci ta biyu, domin ita ta fi shan wahala a cikin gari. Gurza a giya ɗaya, zobe ne. Gurza a dukkansu, kuloci ne. Mai mota ba ya jin bambancin. Gwani kuwa a kan wannan bambanci yake yanke ko za a buɗe akwati ko ba za a buɗe ba. Yana kuma kula da irin man da ake zubawa: mai alamar GL-5 na aksul ne, kuma sinadaran da ke cikinsa ba su cika jituwa da tagulla ba, don haka giya mai irin wannan zobe GL-4 ta fi so, sai dai in littafin motar ya faɗi wani abu daban.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rarraba kukan boris. Mota na tsaye a firi, ana jin wani gurnani. Ya taka kuloci, gurnanin ya ɗauke. Ya saki, ya dawo. Wannan boris ɗin shaf ɗin shiga giya ne, domin taka kuloci ya tsayar da shi. In kuwa akasin haka ne, shiru sai an taka sannan kuka ya taso, to boris ɗin da ke tura kuloci ne, wanda ba ya ɗaukar nauyi sai an taka. Ƙafa ɗaya, motsi ɗaya, ta raba gyara biyu da ke da tazarar kuɗi mai yawa.

A kan Fijo ma abin ya fi daɗin kallo. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, aka fara haɗa motocin Peugeot a masana'antar Kakuri da ke Kaduna a 1975, kuma aka ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. A kanta akasarin dattawan makanikan Arewa suka buɗe ido. A giyarta mai huɗu, kamar sauran motocin da ke turawa da baya na wancan zamani, ƙarfi a giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku sai ya sauka ya bi ta wani shaf na ƙasa kafin ya dawo sama. A ta huɗu kuwa ana kulle shaf ɗin shiga da na fita su zama abu ɗaya, ƙarfi ya wuce kai tsaye, na ƙasan ya riƙa juyawa ba nauyi. Don haka in dattijon ya tuƙa ya ji kuka a ɗaya, a biyu, a uku, ya shiga huɗu kukan ya yi ƙasa, ba ya buƙatar kowa ya gaya masa. Zai faka ya ce wa yaronsa, "Kai, sauko da ita, boris ɗin ƙasa ne." A buɗe, a tarar da shi ya yi ƙuraje. Wanda bai san cikin akwatin ba sai ya ɗauka duba ne. Ba duba ba ne. Taswirar giyar ce a zaune a kansa, yana bin ƙarfin da tunani daga haƙori zuwa haƙori.

Giyar da ke fita da kanta ta koma firi ma ba ya gaggawar yanke mata hukunci. Mai yiwuwa haƙoran kamawa ne suka lanƙwashe baki, wanda sai an buɗe. Amma mai yiwuwa robobin sandar giya ne suka cinye har giyar ba ta shiga ƙarshe, ko kuma kujerar inji ce ta tsage, inji na tsalle yana fizgo sandar. Zai buɗe bonet, ya sa yaro ya ja birki ya ɗan saki kuloci, ya kalli yadda inji ke ɗagawa. A Golf kuma in giya ta biyar ce ke fita ko kuka, man zai fara dubawa, saboda ta biyar tana can ƙarshen akwatin, ita ce farkon rasa mai in ya ragu, kuma direban haya da ke wuni a kan babbar hanya a cikinta yake zaune.

Daga giya sai shaf. A motar da ke ja da gaba, taya tana juyawa tana kuma karkata hagu da dama tana hawa da sauka, duk a lokaci ɗaya, kuma dole ƙarfi ya isa gare ta ba tangarɗa. Gaɓar da ke yin wannan aiki wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1920: ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, suna yawo a kan magudanarsu cikin baƙin giris. Abu ne mai ƙarko ƙwarai muddin robar da ta rufe shi ba ta yage ba. To amma a ƙasarmu, ga zafin rana mai busar da roba, ga ƙurar hunturu, ga jan yashi da ruwan damina. Ranar da robar ta tsage, giris ya fice, yashi ya shiga, ƙwallayen suka fara niƙa shi. Bayan ɗan lokaci sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas duk sanda ka murɗe sitiyari ƙarshe ka ba da wuta. Wannan kan shaf na waje ne. In kuwa mota na karkarwa ne lokacin da take ɗaukar gudu a miƙe, ka ɗaga ƙafa ta daina, na ciki ne, ba taya ba, ko da an kai ta wajen mai balansin sau nawa. Gwani na ganin feshin giris a cikin rim ya san labarin. Kuma shi ne zai yi maka faɗa a kan robar da ba ta kai kuɗin cika tanki ba, domin ya san abin da za ta jawo.

A Hiace da Hilux, kuros ɗin farfela ne ke yin wannan aika-aika: ƙwas ɗaya in an saka giya ko an saki totur, sai karkarwa a ƙarƙashin kujera in an ɗau gudu. Canza shi ba wuya. Amma ka lura da hannun wanda ya iya: kafin ya kwance farfela sai ya yi mata alama da alli ko ƙusa, don ta koma yadda ta fito. In aka juya ta haƙori ɗaya aka mayar, karkarwar da ba ta da ita da sai ta samu.

Aksul kuwa nan ne ake gane haƙurin mutum. A cikinsa akwai babban kambin haƙora da ƙaramin da ke juya shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu yawanci ba ta wuce milimita 0.1 zuwa 0.2. Kukansa na bin totur: ka taka ya yi, ka ɗaga ya canza murya ko ya ɗauke. Boris ɗin taya bai san totur ba. Gudu yake bi, kuma in ka ɗan karkata motar hagu ko dama nauyi ya koma gefe guda, sai kukan ya ƙaru ko ya ragu. Kukan taya kanta kuwa da sauyin kwalta yake sauyawa. Uku ne masu kama da juna a kunnen kowa, ban da nasa. In ya buɗe ya canza boris, sai ya shafa wa haƙoran ɗan launi, ya juya da hannu, ya duba inda suka taɓa juna. In tabon ya yi gefe, ya kwance, ya ƙara ko ya rage siririn wasa, ya sake ɗaurawa, ya sake shafawa. Yana iya maimaita haka har la'asar, yaransa na hamma, shi ko a jikinsa, sai tabon ya zauna a tsakiyar haƙori. Aksul ɗin da aka ɗaure da gaggawa zai yi tafiya, amma kuka zai yi har ranar da zai watse. Yakan kuma tsokane ɗan bututun numfashin da ke samansa, wanda in laka ta toshe shi zafi ke tura mai ya fasa sil, abin da ba kowa ke tunawa da shi ba.

Da motocin Kwatano suka cika ƙasa, giyar otomatik ta zo da nata ilimin, kuma dattawan da suka ƙi ja da baya suka koye shi. A nan mai shi ne komai. Shi ke ɗaukar ƙarfi daga inji ta cikin kwanbata, shi ke matse faya-fayan da makanikai ke kira faiba, shi ke sanyaya, shi ke shafawa. Saboda haka sandar awon mai gwani ke fara zarowa, ya ɗiga a farar takarda. Lafiyayyen mai ja ne garau kamar zoɓo. In ya yi ruwan ƙasa, ya tsufa. In ya yi baƙi yana ƙauri, faiba ta ƙone, kuma babu juyen da zai dawo da ita. In kuwa ya yi fari-fari yana kauri, ruwa ne ya shiga, galibi ta bututun sanyaya man da ke ratsa lagireto, kuma in ba a canza lagireton ba kowace giya aka ɗora haka za ta ƙare. Awon ma da ƙa'idarsa: a fili mai daidai, giya da ɗumi, inji na aiki a yawancin motoci, amma a tsofaffin Honda sai an kashe inji a auna nan da nan. Wanda bai san wannan ba zai cika ko ya rage, ya kuma rantse daidai ya zuba.

In ya kwance kwanon ƙasa, maganaɗisun da ke ciki yake dubawa. Laushin toka-toka da ke manne a jiki cin yau da gobe ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa labari ne mara daɗi. A hanya yana lura da jinkiri tsakanin saka D da kamawar mota, da yadda inji ke ɗan tashi sama tsakanin giya ta biyu da ta uku kafin ta kama. Ya kuma san halin kowace ƙira. Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006 man T-IV take sha, na bayanta WS. Honda nata man daban, Z1 a da, DW-1 daga baya, kuma giyarta ba ta yafe wa wanda ya zuba mata abin da ya samu a bakin titi. A 2004 kamfanin Honda da kansa ya kira motoci sama da miliyan ɗaya a Amurka, ciki har da Accord mai silinda shida da Odyssey da Pilot, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai tana yin zafi. Irin waɗannan motoci ne daga baya suka yi ta shigo mana bayan sun sha tafiya, suka tarar da zafin Afrilu na Sakkwato da Maiduguri da ke haura digiri 40, da cunkoso, da lodin da ya wuce kima. Man otomatik a wajen digiri 80 yake son aiki. In ya riƙa wuce haka sosai, tsufansa gaggawa yake yi.

Akwai wata magana da ta zaga gari, wai ba a canza man giyar otomatik, in ka canza za ta mutu. Gwani ya san inda maganar ta samo asali. Mutum ba ya tuna man sai giya ta fara ɓaci. A lokacin faiba ta riga ta cinye, dattin da ke cikin tsohon man ne kawai ke ɗan taimaka mata kamawa. A zuba sabo ta saki gaba ɗaya, sai a ɗora wa sabon man laifi. Giyar da ake yi wa juye a kan kari da man da ya dace ba ta mutuwa don an canza mata mai. Haka kuma zai hana ka ɗaura igiya ka ja motar otomatik tafiya mai nisa ƙafafun da ke jan ta na ƙasa, saboda famfon man da inji yake aiki. Inji a kashe, cikin giyar na juyawa a bushe. Motoci da yawa da ƙaramar matsala suka tsaya a hanya, jan da aka yi musu zuwa gareji ne ya kashe giyarsu.

Ba na cikin masu zagin kwamfuta. Tun daga motocin 1996 Amurka ta wajabta mashigar da ake jona na'urar bincike, kuma makaniken kirki yau yana amfani da ita. Sau da yawa motar da ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi canzawa ba ta lalace ba, ƙwaƙwalwarta ce ta kulle ta don kare ta, saboda na'urar auna gudu ta daina aika saƙo, ko wata waya da ɓera ya ci, ko batir mai rauni. Lambar da ke farawa da P07 za ta nuna maka unguwar da matsalar take. Amma ba za ta nuna maka gidan ba. Na'ura za ta ce solonoyid kaza bai amsa ba. Ko shi ne ya mutu, ko soket ɗinsa ne ya yi tsatsa, ko datti ne ya toshe hanyar mai, wannan sai mai hannu da kai. Abin takaici shi ne yadda wasu ke karanta lambar su kai hannu aljihun mai mota ba tare da sun leƙa ƙarƙashinta ba.

Wani lokaci gaskiyar ita ce giyar ta ƙare, kuma sayen ta Beljiyam daga kasuwar Ladipo ko ta Ƙofar Ruwa ya fi gyara sauƙi. Gwani ba ya ɓoye wannan don ya sami aikin buɗewa. Amma ko a nan hannunsa daban ne. Zai bi ka kasuwa ya duba lambar da ke jikin akwatin, domin giya biyu na iya zama kamar an tsaga kara a waje, lissafin haƙoransu kuwa ya bambanta. Zai zuba ido ga launin man da ya rage a ciki. Zai wanke bututun sanyaya mai don dattin tsohuwar kada ya shiga sabuwar. Zai tura kwanbata yana juya ta a hankali har ya ji ta zauna ƙarshe a kan famfo kafin ya haɗa da inji, saboda wanda ya matse noti ba ta zauna ba ya fasa famfon tun mota ba ta tashi ba, sannan ya koma yana zagin ɗan kasuwa.

Abin da ke damuna shi ne wannan ilimi yana raguwa. Yaran da ke shiga gareji yanzu sun ga sauke giya a ɗora wata ya fi kawo kuɗi da sauri, kuma ba laifinsu ba ne su kaɗai. Mu masu mota muka koya musu. Wanda ya sauke mana giya ya canza, mukan biya shi ba musu, saboda mun ga zufa da ƙarfe a ƙasa. Wanda ya zagaya da motar ya dawo ya ce 'yar roba ce, ya cece mu daga asarar dubban ɗaruruwa, shi muke miƙa wa na goro mu ce ai bai yi komai ba. Yaron da ke tsaye yana kallo ya ga wanda aka fi biya, ya san hanyar da zai bi. Ƙungiyar makanikai ta NATA da makarantun koyon sana'a suna da aiki a nan, na haɗa waɗannan dattawa da matasa masu iya na'ura tun dattawan na da ƙarfin zama a ƙarƙashin mota.

Kai kuma mai tsohuwar mota, in akwai irin wannan gwani a garinku, kai masa ita tun tana zuwa da ƙafarta. Gaya masa gaskiyar lodin da kake yi mata, da man da aka zuba, da hannun da ya taɓa ta kafin nasa. In ya ce kuɗin dubawa kaza ne, biya shi ba ciniki, ko da bai ɗaga sifana ba.